Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yini Guda a Fadojin Sintra da Bakin Tekun Fotugal

Daga Wakilinmu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa ba kowane matafiyi ne mabuɗin ke yi wa aiki ba. Sau da yawa mutum kan kashe dukiya ya je ƙasa mai nisa, ya dawo ba shi da abin ba da labari sai tsawon gidaje da tsadar abinci. Wannan shi ne abin da muka ji wa tsoro, ni da wani dattijo ɗan kasuwa abokin tafiyata, sa'ad da muka gama abin da ya kai mu Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, ya zamana saura mana yini guda tak kafin jirginmu ya tashi.

Duk wanda muka tambaya sai ya ce mu je Sintra, wani ɗan gari da ke gindin duwatsu, kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da Lisbon. Akwai jirgin ƙasa mai araha da ke kai mutum can cikin minti 40, akwai kuma manyan motocin da ke kwasar baƙi jingim. Amma Alhaji yana fama da ciwon gwiwa, ga shi ba wanda ke jin harshen ƙasar a cikinmu. Saboda haka muka yanke shawarar ɗaukar jagora na kanmu, watau mutum ɗaya da motarsa, wanda zai ɗauke mu daga masauki ya yini da mu, ya kuma komo da mu. Kuɗin ya ninka na jirgin ƙasa sau da yawa, har Alhaji ya ce mini, "Malam, in dai duwatsu za mu kallo, ai mun baro su a gida kyauta."

FADAR DA KE CIKIN HAZO

Ƙarfe takwas na safe jagoran ya iso, magidanci ne mai fara'a, yana jin Ingilishi sosai. Tun a hanya ya bayyana mana dalilin sammakon. Ba a shiga cikin Fadar Pena, wadda ita ce kan gaba a abubuwan kallo, sai a lokacin da aka rubuta wa mutum a tikitinsa, wanda ya makara kuwa ya yi asara. Bugu da ƙari hanyar hawa dutsen siririya ce mai kwane-kwane, hukuma kuma ta taƙaita shigar motocin baƙi. Shi ya riga ya sayo mana tikitin rukunin farko tun jiya.

Mun baro Lisbon rana na haske, amma muna fara hawa sai hazo ya rufe mu, sanyi ya sauko. Jagora ya ce haka dutsen yake, domin iskar teku mai laima kan bugi tsaunin ta taru a kansa, shi ya sa itatuwan wurin ba su rabuwa da ɗanyen ganye, shi ya sa kuma sarakunan ƙasar suka mai da Sintra wurin gudun zafin bazara. Daga ƙofar lambu zuwa fadar akwai hawa mai wuya, sai ya sa Alhaji cikin wata ƙaramar mota da ke jigilar masu rauni, mu kuma muka taka.

Fadar tana bisa ƙololuwar da ta kusa mita 500 daga saman ruwan teku. Wani sashe an shafe shi da ja, wani da rawaya, wani kuma an lulluɓe shi da fale-falen tangaran masu shuɗi. Asalin wurin gidan ibada ne na rahiban Kirista, wanda Sarki Manuel na Ɗaya ya gina a farkon ƙarni na 16, sa'an nan girgizar ƙasar da ta rushe Lisbon a 1755 ta mai da shi kango. A 1838 Sarki Ferdinand na Biyu, Bajamushe ne da ya auri Sarauniya Maria ta Biyu, ya sayi kangon da dajin da ke kewaye, ya sa wani injiniya ɗan ƙasarsu mai suna Eschwege ya gina masa fada. An yi yawancin aikin tsakanin 1842 da 1854.

Abin da ya fara jan hankalin Alhaji shi ne ƙofofi masu baka irin ta masallatan Maroko, da hasumiya mai kubba, da wani ɗaki da aka yi wa ado irin na Larabawa. Ya tambaya ko Musulmi ne suka gina. Jagora ya yi murmushi ya ce a'a, sha'awa ce kurum ta wani sarki mai son tara kowane irin gini wuri guda, amma mu yi haƙuri, ginin Musulmi na ainihi yana nan gaba. Ya nuna mana ɗakunan da aka bari da gadaje da kwanuka kamar masu su za su dawo da yamma. A nan Sarauniya Amelia take a watan Oktoba na 1910 da labari ya zo cewa an yi juyin mulki a Lisbon. Ta sauka daga dutsen ta bar ƙasar, sarautar Fotugal kuma ba ta sake tashi ba.

GANUWAR MUSULMI

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya hazo ya fara yayewa, sai ga wata ganuwa ta dutse ta bayyana a kan tsaunin da ke fuskantarmu, tana bin ƙirar duwatsu tana hawa tana sauka. Mutanen ƙasar na kiranta Castelo dos Mouros, watau Ganuwar Musulmi. A shekarar 711 ta Miladiyya ne rundunar Ɗariƙu bin Ziyad ta ƙetaro daga Arewacin Afirka, cikin 'yan shekaru kuma yawancin ƙasar da ake kira Sifen da Fotugal a yau ta shiga ƙarƙashin mulkin Musulmi da sunan Andalus. Su ne suka gina wannan ganuwa don tsaron hanyar Lisbon da bakin teku. Ta fita daga hannunsu gaba ɗaya a 1147, shekarar da Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya ci Lisbon, masu tsaron Sintra suka miƙa wuya.

Matakalan suna da yawa, iska kuma tana bugu, saboda haka Alhaji ya zauna a gindin ganuwar, kusa da wata babbar matarar ruwa da aka gina a ƙarƙashin ƙasa don kada ƙishirwa ta ci masu tsaro idan abokan gaba sun kewaye su. Ni da jagora muka hau har hasumiya ta ƙarshe, inda ake hango garin a ƙasa da teku can yamma. Ya ce mini da yawa daga abin da nake takawa gyaran Sarki Ferdinand ne, domin shi ya tarar da ganuwar ta zube ya sa aka ɗaga ta. Na ji daɗin wannan gaskiya tasa, don da ni kaɗai ne da na ɗauka kowane dutse tun na zamanin Andalus ne.

Da muka sauko sai hira ta koma kan harshe. Jagora ya ce har gobe bakinsu cike yake da Larabci. Sukari suna ce masa açúcar, man zaitun azeite, fale-falen tangaran da suke alfahari da su azulejo, lardinsu na kudu kuwa Algarve, daga Algarbu, watau yamma, tushe ɗaya da magaribarmu. Idan suna fatan abu sai su ce oxalá, wadda ta samo asali daga faɗin Musulmi na in Allah ya so. Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya gaya masa cewa mu ma muna da rabonmu na Andalus, domin Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato, mai ita Alfazazi mutumin Andalus ne. Jagora bai taɓa jin haka ba, ya ciro takarda ya rubuta. Mulkin Musulmi a Fotugal ya ƙare a 1249, a ƙarshen 1496 kuma Sarki Manuel ya ba da umurnin Yahudawa da Musulmi su bar ƙasar ko su bar addininsu. Sarki goma, zamani goma.

TSAKIYAR GARI

Da azahar muka gangara cikin gari, inda tsohuwar fadar sarakuna take. Ana gane ta daga nesa da wasu farare biyun bututun hayaƙi masu siffar malfa, kowanne mita 33, a bisa madafar da a zamanin sarakuna ake gasa naman farauta. A ciki akwai ɗakin da aka zana tsuntsaye fiye da ɗari a rufinsa, irin wasu masu kama da hankaka, waɗanda aka sani da yawan surutu. Labarin da ake bayarwa shi ne wai sarauniya ta kama Sarki João na Ɗaya yana sumbatar wata baiwar fada, matan fada suka yi ta tsegumi, shi kuwa ya sa aka zana tsuntsu ɗaya a madadin kowace mai gulma. Jagora ya ce hikaya ce, kada mu rantse a kanta.

A nan amfaninsa ya sake fitowa. Abincin ƙasar ba ya rabuwa da naman alade da giya, har a cikin miya da romo. Shi ya shiga madafa ya yi magana da mai dafuwa, aka gasa mana kifi da dankali da man zaitun, muka ƙara da wani ɗan waina mai zaƙi na cuku da ake kira queijada, wanda garin ya yi suna da shi. Ya samo mana kuma wani lungu mai tsabta a lambu, muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru.

INDA TURAI TA ƘARE

Daga Sintra zuwa Cabo da Roca, ana faɗinsa Kabu da Roka, bai kai kilomita 20 ba. Nan ne iyakar babban yankin Turai ta yamma. Itatuwa suka yi ta raguwa har suka ƙare, sai ciyayi masu kwanciya a ƙasa saboda iska. Ƙasar ta zo ta yanke tsaf kamar an sa wuƙa, bangon dutse ya sauka kimanin mita 140 zuwa inda igiyar Tekun Atlantika ke dukansa da ruri. Akwai hasumiyar fitila mai yi wa jiragen ruwa ishara, wadda ta fara aiki a 1772. Iska ta fizge hular Alhaji, na yunƙura zan bi ta, jagora ya riƙe mini hannu. Ya nuna shingen katako ya ce kada in kuskura, domin a 2014 wani miji da matarsa sun tsallake shi don ɗaukar hoto suka faɗa a gaban 'ya'yansu.

Yana tsaye yana nuna teku, sai ya shiga ba mu labarin jaruntakar matuƙan jiragensu, yadda Vasco da Gama ya tashi daga Lisbon a 1497 ya kewaye Afirka ya isa Indiya. Ya yi ta ba da shi da alfahari, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai mu mutanen ɗaya gaɓar ne. Na tuna masa cewa waɗannan jiragen sun iso gaɓar ƙasarmu wajen 1472, su ne suka sa wa Ikko sunan Lagos, suka kuma kai ga Sarkin Benin wajen 1485. Na tuna masa cewa a wani garinsu na kudu, shi ma Lagos sunansa, aka raba bayi 'yan Afirka fiye da 200 a 1444, aka raba uwa da ɗa, cinikin da ya ci ƙarni huɗu yana cin mutanenmu. Ƙasashen da suka mallaka kuwa, irin su Angola da Mozambik, sai a 1975 suka sami 'yanci, shekarar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsaya wa Angola tsayin daka.

Bai yi musu ba. Ya ce sun karanta wannan a makaranta, amma gajeren babi ne, baƙi kuma ba su cika tambaya ba, shi ya sa ba ya cikin abin da ya saba faɗi. Muka ɗan yi shiru mu uku muna kallon ruwa. Daga nan muka bi gaɓar teku zuwa Cascais, garin masunta da Sarki Luís ya mai da wurin hutunsa a 1870, muka leƙa wani rami a dutse da ruwa ke shiga da ƙugi, wanda suke kira Bakin Jahannama, muka iso Lisbon da magariba.

GA MAI NIYYA

Mai karatu da Allah ya nufa da zuwa, ga abin da muka koya. Kada ya ce zai ga kome a yini ɗaya, domin tun 1995 Hukumar UNESCO ta sa Sintra da kewayenta cikin wuraren tarihi na duniya, fadoji da lambunanta sun fi ƙarfin kwana guda. Biyu ko uku sun isa. Ya tabbatar tun kafin biya ko kuɗin tikiti da abinci na cikin ciniki, ya kuma tambaya ko jagoran zai shiga fada tare da shi, don wasu direbobi ne kurum, a ƙofa suke tsayawa. Ya riƙi rigar sanyi ko da bazara ce, da takalmi mai kama ƙasa. A lokacin tsananin zafi kuma hukuma kan rufe hanyoyin dutsen saboda tsoron gobarar daji. Saurayi mai ƙarfi da ɗan guzuri, jirgin ƙasa ya ishe shi. Amma mai tafiya da dattijo ko iyali, ko wanda lokacinsa ya ƙure, jagora ya fi masa.

Abu ɗaya dai kada ya bari a gida, shi ne nasa sanin. Jagora zai ba shi labarin ƙasarsa kamar yadda aka ba shi, sauran kuwa sai baƙo ya tambaya, ko ya kawo da kansa. A ƙofar masauki Alhaji ya biya mutumin, ya ƙara masa goro, ya ce da shi idan wasu baƙi suka zo gobe ya ba su labarin duka biyun. Da muka shiga na tambaye shi ko har yanzu duwatsun gida sun fi. Ya ce, "Malam, hulata dai ta tafi, amma kuɗina bai tafi a banza ba."