Kalangu Ya Shiga Kwamfuta

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Katsina, kalangu magana yake yi. Makaɗi yakan matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, har mai sauraro ya gane take. Da shi aka yi wa marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kiɗa.

Yau kuwa ana iya ɗora wannan kiɗa a kwamfuta. Akan ɗauki sautin kowane bugu, sa'an nan a raba wa maɓallan fiyano ta hanyar tsarin MIDI, wanda aka fito da shi a 1983. Wuyar aikin ita ce matsar nan ta hammata. Tilas a saita manhaja ta riƙa jan sauti daga wannan murya zuwa waccan, in ba haka ba sai a ji bugu kurum, babu take.

Manhajojin nan cike suke da gangunan Turai da Amurka. Saboda haka ya kamata ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su nemi tsofaffin makaɗa su ɗauki bugunsu tun suna raye, a kuma biya su haƙƙinsu.