Karanta Kafin Ka Sa Hannu

'Yan'uwa, matasanmu na Gyallesu kan sami aikin gadi ko shara a Kongo da Samaru ta hannun dillalan ma'aikata. Wata takardar takan ce albashin watan farko na dillali ne, kuma a sallame ka ba sanarwa. Talauci kan sa mutum ya dangwala hannu.

Amma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa dillali lasisin gwamnati. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata 3. Wanda ya shekara 5, sai an ba shi sanarwar wata guda.

Saboda haka ka roƙi kwana biyu, wani ya karanta maka. Sharaɗin da zai cuce ka, ka nemi a soke shi. Tun ran gini, ran zane.