Ƙaramin Jirgin Ƙasa A Ɗaki: Wane Girma Za A Zaɓa?

A cikin abubuwan da mutanen Turai da Amurka da Japan ke ɗebe kewa da su bayan an tashi daga aiki, akwai shimfiɗa 'yar ƙaramar hanyar jirgin ƙasa a cikin gida. Ba wasan yara kaɗai ba ne. Sai ka ga dattijo da furfurarsa ya gina tasha da gada da dutse na takarda, jirgi na ta zagawa da ƙarfin lantarki. Da yake waɗansu 'yan'uwanmu a kwalejin nan sun soma sha'awar abin, na ga ya kamata in yi bayani a kan tambayar da ke fara tarar mai farawa, watau girman jirgin da zai saya. Tambayar kuwa ba ƙarama ba ce, gama daga ƙasashen waje ake kawo kayan, da tsada, kuma jirgin wani girma ba ya hawa dogon wani girma. Wanda ya sake shawara bayan ya saya, kuɗinsa na farko sun tafi ke nan.

Da farko sai mu rarrabe abu biyu. Akwai ma'auni, watau yawan yadda aka ƙanƙanta jirgin gaskiya, kamar dai yadda muke koya wa yara a darasin taswira. In an rubuta 1:87, ma'anarsa inci ɗaya a ƙaramin jirgi yana tsaye a madadin inci 87 a babba. Sa'an nan akwai faɗin dogo, watau tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu da jirgi ke takawa. Masu sana'ar sun ba kowane girma harafinsa.

Babba a cikin waɗanda aka saba gani a gida shi ne O. A Ingila ma'auninsa 1:43.5, a Amurka 1:48, faɗin dogonsa milimita 32. Da shi kamfanin Frank Hornby na Libaful ya fara a 1920, da jiragen da ake murɗa wa makulli kamar agogo. Daga shi sai HO, wanda sunansa ke nufin rabin O, ma'auninsa 1:87, dogonsa milimita 16.5. Shi ya fi yaɗuwa a duniya. Ingila kuwa tana da nata, OO, mai ma'auni 1:76, amma a kan dogon HO yake tafiya. Dalili shi ne jiragen Ingila sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙantar jiki, injin lantarki na wancan zamani bai shiga cikinsu ba in an rage su zuwa 1:87. Sai aka ƙara girman jikin, aka bar dogon yadda yake. Hornby ya fito da nasa OO a 1938, har yau kuwa shi ne abin hannun mutanen Ingila. Akwai TT, 1:120, dogo milimita 12. Akwai N, dogo milimita 9, wanda kamfanin Arnold na Jamus ya yaɗa a 1962. Ma'auninsa 1:160, amma a Ingila 1:148, a Japan galibi 1:150. Ƙaraminsu a wannan jeri shi ne Z, 1:220, dogo milimita 6.5, wanda Märklin ya fitar a 1972.

To, yanzu mu ɗauko abin awo mu shiga ɗaki. Abin da ke cin wuri ba jirgin ba ne, kwana ce. Jirgi ba ya juyawa kamar keke, sai ya yi da'ira. Kwanar da yawancin jiragen OO ke buƙata, daga tsakiyar da'ira zuwa dogo milimita 438 ce. Ninka biyu, 876 ke nan, ka ƙara gefe don kada jirgi ya faɗo ƙasa, ka ga kusan mita guda. Shi ya sa aka saba da allon katako mai tsawon ƙafa 6, faɗi ƙafa 4. Amma a lura, hannun mutum bai cika wuce ƙafa biyu da rabi ba in ya miƙa. In ka jingina allo mai faɗin ƙafa 4 da bango, ran da tarago ya kauce a can baya ba za ka kai gare shi ba. Dole ka bar hanyar zagayawa, ɗakin kuwa ya cika ke nan. A N, akwai kwana ta milimita 228, da'irarta duka ba ta kai rabin mita ba. Tsohon ƙyaure ya ishe ta, ka tura ƙarƙashin gado in an gama.

Tsawon jirgi ma haka. Tarago mai ƙafa 60 zai zama milimita 420 a O na Ingila, 240 a OO, kimanin 124 a N. Kan jirgi da tarago biyar za su ci kusan mita ɗaya da rabi a OO, rabin haka a N. Da yake an raba tsawo biyu, an raba faɗi biyu, filin da N ke ci kusan rubu'in na OO ne. Ga lissafi mai kyau na kai wa aji.

Sai dai ƙarami ma yana da nasa wahala. Ta ƙarafan dogo lantarki ke shiga ƙafafun jirgi. Kan jirgin N ba shi da nauyi, 'yar ƙura kaɗan sai ta tsai da shi, mu kuwa mun san abin da hunturu ke yi wa tebur a yini ɗaya. Mai N ko Z sai ya riƙa goge dogo, ya kuma yi wa allonsa murfi. Ɗora ƙananan ƙafafu a kan dogo yana son ido mai kyau da hannu marar rawa. Ƙananan yara kuwa sun fi iya riƙe OO ko HO ba su ɓalla wani abu ba. Wanda ke so ya ƙera gidaje da taragu da kansa, da kwali da gam, shi ma babban ma'auni ya fi masa sauƙi.

Mai son ya kwaikwayi jirgin ƙasarmu yana da wata tambaya. Tsohon dogon Nijeriya, wanda ya kai Ibadan daga Ikko a 1901, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. Sababbin hanyoyi, kamar ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, faɗinsu milimita 1,435. In ka raba 1,067 da 87, za ka sami 12 da 'yan kai. Ashe mai son tsohon jirginmu a ma'aunin HO, dogon TT ne daidai da shi. Sababbin hanyoyin kuwa dogon HO na kullum ya dace da su.

Akwai kuma wata dabara ga wanda ɗakinsa ya ƙi da'ira sam. Ba lalle ne jirgi ya zaga ba. Wani Bature, Alan Wright, ya tsara wata 'yar tasha da ake kira Inglenook, mai rassan dogo uku, ɗaya na ɗaukar wagunu 5, biyu na ɗaukar uku uku. Ana zuba wagunu 8, a ce ka haɗa biyar bisa jerin da ƙuri'a ta ba ka. Jerin da zai iya fitowa 6,720 ne, watau 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4. A OO duka wannan yana zama a kan katako mai kimanin ƙafa 4 tsawo, ƙafa ɗaya faɗi.

Shawarata ita ce, kada ka sayi kome sai ka auna wurin da za ka iya bari, ka zana shi da alli a ƙasa. In kana son ka ga dogon jirgi na zagawa a ɗakin malami mai ɗaki ɗaya, ɗauki N. In jera wagunu da ƙera gine-gine kake so, ko da yara za ka yi, ɗauki OO ko HO ka kafa a jikin bango. O sai mai zaure. Kafin ka biya, ka tambaya ko za a sami ƙarin dogo da kayan gyara na wannan girman nan gaba. Daidai ruwa, daidai tsaki.