Bashin gyaran gida a birnin Detroit

A ƙasar Amurka, tun shekara ta 1974, gwamnatin tarayya tana aika wa manyan garuruwa kuɗin taimako don gyaran gidaje da unguwanni. Dokar yau ta ce kashi 70 cikin 100 sai an kashe su wajen masu ƙaramin ƙarfi.

Birnin Detroit yana da tsofaffin gidaje da yawa, masu su kuwa ba hali. Cikin 2015 magajin gari, Mike Duggan, ya sa wani kason kuɗin cikin bashin gyara: dalar Amurka 5.000 zuwa 25.000, ba kuɗin ruwa, a biya cikin shekara 10. Mai gida ya sake rufi ko tagogi, ya zauna abinsa, gidan bai zama kango ba.