Hanyar Jami'a Tun Daga Aji Huɗu Take Farawa

Duk shekara idan hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu, gidaje da yawa kan shiga zullumi. A 2025 ɗalibai wajen miliyan 1.9 ne suka zauna, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wannan labari ya karaɗe ko'ina. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na yaran da suka ci jarrabawar sarai, amma shekara ta zagayo suna zaune a gida saboda kuskuren da tun farko minti goma ya isa a kauce masa. Su ne dalilin wannan rubutu.

Mu fara da darussa. Ranar da ɗalibi ya shiga aji huɗu na sakandare aka tambaye shi kimiyya zai yi ko adabi ko kasuwanci, ranar ya fara zaɓen kwas ɗinsa na jami'a, ko ya sani ko bai sani ba. Jami'o'i na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, kuma a darussan da suka dace da abin da mutum zai karanta. Turanci dole ne ga kowa. Lissafi ma ba makawa ga mai son kimiyya ko injiniyanci ko harkar kuɗi. A jarrabawar JAMB kuwa darasi huɗu ake rubutawa. Mai son likitanci zai haɗa Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniyanci ya sa Lissafi a gurbin Bayoloji, mai son lauya kuma ba zai tsallake Adabin Turanci ba. Wanda ya haɗa ba daidai ba, ko maki 300 ya ci, ba za a kalli takardarsa a wannan kwas ba. JAMB na wallafa kundin da ya fayyace abin da kowane kwas ke bukata a kowace makaranta, kyauta ne a intanet, amma a aji guda da wuya ka sami yara biyar da suka taɓa buɗe shi.

Sai maganar rajista, inda aka fi yin asara. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke katin ɗan ƙasa da ranar haihuwar da ke ciki su hukumar ke kwasowa. To mu kuwa mun san halinmu da suna. Yaro ɗaya, a takardar haihuwa Muhammadu Sani, a WAEC Sani Mohammed, a NIN kuma an ƙara masa sunan garinsu. A gida duk shi ne, a wurin kwamfuta kuwa mutum uku ne. Gyaran da za a iya yi cikin natsuwa a aji biyar, idan aka bari sai ranar tantancewa a jami'a, ya zama zirga-zirga tsakanin ofisoshi da takardar rantsuwa ta kotu, wani lokaci har wa'adi ya wuce.

Ka leƙa wurin rajista a lokacin da ake tsakiyar yi ka ga yadda abin ke faruwa. Layi har bakin titi, rana ta take, mai shigar da bayanai ya gaji. Yaro ya miƙa masa takarda ya ce, “Yallaɓai, a sa mini duk wanda ya dace.” Shi kuwa ya danna abin da ya fi kusa da hannunsa, ya buga takarda ya miƙo, yaro ya ninke ya cusa aljihu bai karanta ko layi ɗaya ba. Wani ma da layin wayar yayansa ko na maƙwabci ya nemi lambar rajista, bayan wata uku layin ya ɓata, saƙon hukuma yana zuwa inda ba mai gani. Kada ka yi haka. Ka yi rajista a cibiyar da JAMB ta amince da ita, da layin da ke hannunka, ka tsaya a gaban allon kwamfutar ka karanta komai kafin a tura. Lambobinka na sirri kuma ba abin bar wa mai shagon intanet ba ne.

Ita kanta jarrabawar, tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, kuma yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Yaron da ranar ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta zai ƙarar da lokacinsa wajen neman inda zai danna. Ko da kwamfutar aro ce, a samu a gwada tambayoyin shekarun baya ana duba agogo.

Masu cewa a kawo kuɗi za su ƙara maki ko su turo amsa ta WhatsApp, ɓarayi ne. Makarantun da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo kuwa, ko ba a riƙe sakamakonsu ba, cutar da suke yi ta fi ta ɓarayin. Mai kiredit tara na saye zai shiga aji ɗaya a jami'a a ba shi lissafin da ɗan aji biyar na sakandare ya kamata ya sani, ya zauna yana kallon takarda. Abin takaici, sau da yawa iyaye ne ke biyan kuɗin.

Cin jarrabawa ba shi ne samun gurbi ba. Makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, mafi ƙaranci ne kawai. Kowace jami'a na da nata, kowane sashe ma haka, ga kuma tantancewar da jami'ar ke yi da kanta. Jami'o'in tarayya kan raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Don haka ɗan Kano ko Jigawa da ya zaɓi Bayero, ko ɗan Sakkwato ko Kebbi da ya zaɓi Usmanu Ɗanfodiyo, ya fi kusa da samu a kan ya nemi wata jami'a mai nisa. Kuma a ji tsoron Allah wajen zaɓen kwas. Mai maki 190 da ya nace sai likitanci, shekara ya sayar. Kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha ba wurin waɗanda suka gaza ba ne: da NCE ko difloma mai kyau, ko IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ana shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.

Tun 2017 duk wani gurbi na halas ta shafin CAPS na JAMB yake bi. A nan za ka tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO, a nan za ka ga an ba ka gurbi, a nan za ka danna ka karɓa. Wanda aka shigar ta bayan gida, ranar da za a tafi bautar ƙasa zai nemi sunansa ya rasa. Haka nan a yi hattara da masu tallar digirin gaggawa a ƙetare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah a can ma abin ya shafe su.

To, an samu an shiga. A jami'a babu mai kaɗa ƙararrawa, babu mai bulala, lakcara ba zai san ka zo ko ba ka zo ba sai ranar da aka ƙirga halarta, domin jami'o'i da dama ba sa barin wanda bai kai kashi 75 ba ya zauna jarrabawa. Wannan sakewa ita ke kayar da sababbin ɗalibai, alhali aji ɗaya ne ke yanke hukuncin digiri. Ga lissafin. A ma'aunin maki 5, digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa daga 3.50. A ce ɗalibi a kwas na shekara huɗu ya gama aji ɗaya da 2.00, kuma nauyin darussan kowace shekara ɗaya ne. Ko da A zalla ya jera a sauran shekaru ukun, 4.25 zai tsaya. Kafin ya kai 3.50 ma sai ya riƙe 4.00 shekara uku a jere. Ga kuma kari-oba, wato darasin da aka faɗi, wanda ke bin mutum aji na gaba ya haɗe masa da sababbin darussa. Maki 30 ko 40 na gwaji da aikin gida da ake tarawa kafin jarrabawa, kada a raina su, su ne ke raba C da F. Kodinetan ajinku kuma domin ku aka ajiye shi, ku je ya duba rajistar darussanku kafin a rufe.

Rashin kuɗi na korar yara da yawa. Tun 2024 asusun NELFUND na ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen kuɗin makaranta da na kashewa Naira 20,000 a wata. Babu ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Da kanka ake nema a shafinsu, ba ta hannun dillali ba.

Ke kuma ɗaliba, duk malamin da ya haɗa makinki da wata bukata tasa, ki adana saƙonninsa, ki gaya wa iyayenki, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Shiru ƙarfi yake ƙara masa.

Iyaye da yayye, ga aikin da ba ya bukatar ko sisi. A wannan makon ku ce yaronku ya kawo takardar haihuwarsa da ta NIN da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC, ku jera su ku karanta harafi bayan harafi. In kun ga bambanci, ku nufi ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tun kafin a buɗe rajista.