Zazzaɓi da Ƙuraje: Ƙyanda Ce Ko Ƙarambau?

Kowace shekara, da zarar hunturu ya ja da baya zafi ya kunno kai, sai in ga benci ya fara zama wofi a ajina. In na tambayi ɗan'uwan wanda bai zo ba, amsar ɗaya ce: "Malam, ƙuraje ne suka feso masa." To, ƙuraje iri-iri ne. Wasu sukan wuce da kansu, wasu kuwa sukan ɗauke ido, ko ma rai.

Akwai wata yarinya, ƙanwar wani ɗalibina, da ƙyanda ta kama tana shekara biyu. Aka kulle ta a ɗaki, aka hana ta ruwa da wanka, aka riƙa ɗiga mata ruwan ganye a ido. Ta rayu, amma ido ɗaya ya tafi. Iyayenta suna ƙaunarta ƙwarai, abin da aka saba kawai suka yi.

Yadda za a gane su

Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ita ce mafi haɗari. Takan fara da zazzaɓi mai zafi, tari, majina da jan ido. In an duba cikin kumatu akan ga 'yan fararen ɗigo kamar gishiri. Bayan kwana 3 ko 4 sai ƙuraje su fito a bayan kunne da fuska, su gangara jiki har ƙafafu. A baƙar fata ba kullum ake ganinsu sosai ba, amma in uwa ta shafa za ta ji kaushi. Daga baya fatar takan sale kamar dusa. Yaro yana iya ba wasu cutar tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito har kwana 4 bayan fitowarsu.

Ƙarambau kuwa zazzaɓinsa bai cika tsanani ba. Ƙurajensa masu ɗurar ruwa ne, ga ƙaiƙayi, sun fi yawa a ƙirji, baya da fuska. Ba sa fitowa gaba ɗaya: wasu na bushewa, sababbi na tasowa. Sai dukansu sun yi ɓawo yaro zai koma makaranta. Kakanni kada su tsorata cewa agana ce. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da agana daga duniya.

Akwai kuma rubela, mai kama da ƙyanda amma mara ƙarfi, da 'yar kaluluwa a bayan kunne. Ga yaro ba ta da wani tsanani, amma in ta kama mace mai sabon ciki, jariri na iya zuwa da kurumta ko ciwon zuciya. Saboda haka a nisanta mai ƙuraje daga masu ciki.

Abin da za a yi a gida

Waɗannan cututtuka ƙwayar bairos ce ke kawo su, kafson da ake saya a kemis ba ya kashe ta. A ba yaro ruwa a kai a kai, da kunu da abinci mai laushi. Mai shan mama kada a janye masa. A goge jikinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi farasitamol daidai awonsa. Kada a ba yaro asfirin, musamman mai ƙarambau, gama yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. A yanke masa farce don kada ya sosa ya zama gyambo. Ido kuwa a share shi da tsabtataccen ƙyalle da tafasasshen ruwa da ya huce. Ban da kwalli, ban da ruwan ganye.

In ana zaton ƙyanda ce, a kai shi ɗakin magani ko da bai galabaita ba. Can za a ba shi bitamin A, yau da gobe, wanda ke kāre ido ya kuma rage haɗarin mutuwa.

Lokacin da ba a jira

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, in yaro yana numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, in ya kasa sha, in yana jijjiga, in zawo ya yi yawa, in ido ya yi hazo ko kunne na mugunya. Haka kuma in wuyansa ya sanƙare, ko ƙurajen ba su dushe ba sa'ad da aka danna su da kofin gilashi, gama wannan yana iya zama sanƙarau.

Mafi sauƙi duka ita ce allurar rigakafi. A Nijeriya akan yi ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, kyauta ne. Ya ku 'yan zumuntar mata, ku tuna wa juna. 'Ya'yanmu amana ce daga Ubangiji, kai su asibiti kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Mu yi addu'a, mu kuma ɗauki katin awo mu tafi.