Me Ya Sami Sunan Haɗeja a Adireshin Yanar Gizo?

Kwanakin baya wani ɗalibina ya aiko mini da adireshin wani bayani game da fadamar Haɗeja. Da na duba, sai na ga sunan garin ya koma Ha%C9%97eja. Ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Wayar lafiyarta lau, matsalar ta girme shi.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN, kusa da Janeba, a 1989, an gina adireshi a kan baƙaƙen Turanci da lambobi da 'yan alamomi kaɗan. Ƙa'idar da aka rubuta a 1994 ba ta san da ɓ da ɗ da ƙ ba. Saboda haka duk harafin da ba ya cikin jerin, sai a mayar da shi lambobi, a sa alamar % a gabansu. Wato ɗ ya zama %C9%97, ƙ ya zama %C6%99, ɓ kuma %C9%93. Ko tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu %20 take komawa. A 2005 an fito da ƙa'idar da ta yarda da baƙaƙen sauran harsuna, shi ya sa manhajoji da yawa ke nuna ɗ ɗinmu daidai, amma da ka kwafe adireshin ka aika wa wani, sau da yawa sai lambobin su sake fitowa.

To, ina mafita? Masu gina shafuka da dama sukan cire lanƙwasar kawai, su rubuta hadeja. Ga sunan gari, wannan ba laifi, kowa zai gane. Amma mai karatu ya tuna cewa ƙasa daban, kasa daban. Ta biyun macijiya ce mai mugun dafi! A irin wannan wuri, ni a ganina gara a sake kalma, ko a ƙara wata da za ta fayyace ma'ana.

Ba lanƙwasa ce kaɗai ke ɓata adireshi ba. Alal misali, gwada waɗannan biyu:

/shafi.php?id=4827&k=3
/fadama/baturiya/tsuntsaye

Dukansu suna iya kai ka wuri guda. Na farkon umurni ne ga na'ura, cewa ta ɗauko bayani mai lamba 4827 daga ma'ajiya. Na biyun kuwa, ko a allo malami ya rubuta shi, ɗalibi zai kwafa ba kuskure, kuma tun kafin ya buɗe ya san tsuntsayen Baturiya zai gani. Dabarar ita ce a ajiye wata ƙa'ida a kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta zama tafinta: ta karɓi kalmomin mutum, ta mayar da su lambar na'ura a ɓoye.

Mu masu nazarin halittu mun sha wannan wahala tun tuni. Kafin 1753, sunan tsiro guda da Latinanci yakan zama doguwar jimla, har Linnaeus ya taƙaita shi zuwa kalmomi biyu. Kukar da muke miya da ganyenta Adansonia digitata ce a Haɗeja, haka kuma a Landan. Amfanin suna shi ne ya gajarta kuma ya dawwama. Berners-Lee ma ya ja hankali a 1998 cewa kada a riƙa sauya adireshi. In ya zama dole, a bar saƙon da zai tura mai nema sabon wurin, kamar yadda mai ƙaura kan bar sallahu wurin maƙwabci.

Ga ɗalibai masu shirin jarrabawa, abin ya wuce batun kyan gani. Sashen farko na adireshi daga dama ake karanta shi: a jamb.gov.ng, ng Nijeriya ce, gov gwamnati, sannan sunan hukumar. 'Yan damfara sukan rubuta sunan hukuma a farko, su bi shi da dogon tarkace, su ɓoye ainihin sunan nasu gidan can a ƙarshe. Don haka kafin ka biya ko kwabo, tsallake layuka biyun nan na // da ke farko, ka nemo / na gaba, ka karanta abin da ke dab da shi ta hagu.